Sunan Aikatau ko Siffar Aikatau? Sharhi a kan Rabon Kalmomi Masu Ɗafa-ƙeyar “-ing” a Nahawun Ingilishi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a buɗe littafin nahawun Ingilishi na makaranta ba a tarar da babin da ke raba kalmomi masu ƙarewa da “-ing” gida biyu ba. Gida na farko shi ne wanda Turawa ke kira “gerund”, wato sunan aikatau. Na biyu kuwa “participle”, wato siffar aikatau. Ƙa’idar da ake ba ɗalibi gajeriya ce: in kalmar ta yi aikin suna a cikin jimla, to sunan aikatau ce, in ta yi aikin siffa, to siffar aikatau ce. A kan wannan ƙa’ida ake yi wa yara tambaya a jarrabawa, a kanta kuma malami ke jan jar tawada. Saboda haka ya kamata a san iyakar gaskiyarta. Wannan maƙala za ta duba asalin rabon, da wuraren da yake aiki, da wuraren da yake cijewa, sannan ta auna ra’ayin masanan da suka ce a rushe shi baki ɗaya.

2.0 Asalin Rabon

Sunayen biyu duka aro ne daga nahawun Latin. A wannan harshe rabon ba ya bukatar gardama, domin kowace kalma da sigarta: daga aikatau mai ma’anar “so” ana samun “amandum” a matsayin sunan aikatau, da “amans” a matsayin siffar aikatau. Wanda ya yi karatun Larabci ya san irin wannan bambanci tsakanin masdari da isimul fa’ili, kamar “kitaba” da “katib”. Ido kaɗai ya isa ya raba su.

Haka abin yake a Tsohon Ingilishi, wato Ingilishin da aka yi kafin shekarar 1100. Siffar aikatau tana ƙarewa da “-ende”, sunan da aka ƙera daga aikatau kuwa yana ƙarewa da “-ung” ko “-ing”. Bayan wannan zamani ɗafa-ƙeyar siffa ta rarrabu bisa ga karin harshe: “-inde” a kudancin Ingila, “-ende” a tsakiya, “-and” a arewa da Sikotlan. Daga kudu ne aka fara gauraya “-inde” da “-ing”, har “-ing” ta cinye sauran a daidaitaccen harshe. A daidai wannan lokaci kuma wani sauyi na biyu yana tafiya. Kalmar da a da suna ce tsantsa ta fara ɗaukar halayen aikatau: tana karɓar karɓau kai tsaye, tana tafiya da bayanau, kuma a wajejen ƙarshen ƙarni na 16 sai ga sigogi irin su “having written” da “being written” suna tsayawa a gurbin suna.

Ma’anar wannan ita ce, lokacin da Robert Lowth ya wallafa nahawunsa a 1762, Lindley Murray kuma ya biyo baya a 1795, sigar da za ta raba kalmomin biyu ta daɗe da ɓacewa. Masu rubuta littattafan makaranta na ƙarni na 19 da na 20, irin su Nesfield, da Wren da Martin, sun riƙe sunayen biyu na Latin, sai dai dole ta sa suka mai da hujjarsu kan aikin kalma a cikin jimla, tun da siga ta ƙi ba da shaida.

3.0 Inda Ƙa’idar ke Aiki

Adalci ne a fara da cewa rabon yana kama wani abu na gaskiya. Dubi waɗannan misalai:

(1) drinking water
(2) boiling water

Na (1) “ruwan sha” ne, na (2) “ruwa mai tafasa”. Ruwan (1) ba ya shan komai. An tanade shi ne domin sha. Ruwan (2) kuwa shi ne ke tafasar. Bature yana nuna bambancin da murya: a (1) yana ƙarfafa kalmar farko, a (2) ƙarfin yana faɗawa kan “water”. Hausa tana nuna shi a fili, da “-n” ko “-r” ta dangantaka a ɗaya, da “mai” a ɗaya. Haka “sewing machine” keken ɗinki ne, “crying baby” kuwa jariri mai kuka.

Rabon yana kuma warware harshen damo:

(3) Burning tyres can be dangerous.

Jimlar tana iya nufin ƙona tayoyi yana da haɗari, tana kuma iya nufin tayoyi masu cin wuta suna da haɗari. In aka cire “can be” aka sa “is”, an zaɓi ma’anar farko, domin aikau ɗin aiki ne guda. In aka sa “are”, an zaɓi ta biyu, domin aikau ɗin tayoyi ne masu yawa. Duk nahawun da ya kasa bayyana dalilin wannan ma’ana biyu ya gaza. Irin waɗannan jimloli ne ma Noam Chomsky da almajiransa suka riƙa kafa hujja da su tun daga 1957, don su nuna cewa jerin kalmomi ɗaya yana iya ɓoye gini biyu.

4.0 Inda Ƙa’idar ke Cijewa

4.1 Matsala ta farko tana cikin kalmar “suna” kanta. Dubi:

(4) The careful mending of the roof took a week.
(5) Carefully mending the roof took a week.

Littattafan makaranta da yawa sukan kira “mending” sunan aikatau a duka biyun, domin duka sun tsaya a gurbin aikau. Amma a (4) kalmar tana da mafayyaci “the”, siffa “careful” ke bayyana ta, kuma ba ta iya riƙe “the roof” sai ta hanyar “of”. Waɗannan halayen suna ne. A (5) bayanau “carefully” ke bayyana ta, tana riƙe karɓau kai tsaye, ana iya kore ta da “not”, ana iya cewa “having mended”. Waɗannan halayen aikatau ne. Ba a gauraya su a Ingilishin yau. Alamar tauraro tana nuna jimlar da ba ta karɓu ba:

(6) *The carefully mending the roof took a week.

Ashe abin da ke “aikin suna” a (5) ba kalmar “mending” ba ce, ganga ce sukutum, wadda aikatau ke shugabanta. Ƙa’idar makaranta ta ɗauki aikin ganga ta jingina shi ga kalma ɗaya. Ta haka ta haɗa (4) da (5) a gida guda, alhali nisan da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin (5) da kowace siffar aikatau. Robert Lees a 1960 da Chomsky a 1970 sun raba waɗannan gine-gine biyu sarai, amma rabon bai sauko cikin yawancin littattafan sakandare ba. Abin lura kuma shi ne, gini irin na (6) ya yi yawa a rubuce-rubucen ƙarni na 17 da na 18, har Lowth ya yi hukunci cewa a kawo “the” da “of” tare ko a bar su tare. Wannan shaida ce cewa iyakar ta daɗe tana motsi.

4.2 Matsala ta biyu ita ce irin ta farko a ɓangaren siffa:

(7) a very interesting lesson
(8) the boy carrying the bucket

“Interesting” siffa ce cikakkiya: tana karɓar “very”, ana cewa “more interesting”, tana zuwa bayan “seem”. “Carrying” ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma tana riƙe karɓau. Kiran su duka “siffar aikatau” yana ɓoye cewa ɗaya ta bar gidan aikatau, ɗaya tana nan ciki.

4.3 Matsala ta uku ita ce wuraren da gwajin ya ƙi ba da amsa:

(9) She enjoys singing.
(10) She kept singing.
(11) She is busy cooking.
(12) They went fishing.

A (9) ana iya maye gurbin “singing” da “it”, don haka ana cewa karɓau ne. A (10) yin hakan yana sauya ma’anar “kept” daga “ci gaba” zuwa “ajiye”. To me “singing” take a (10)? Wasu littattafai sun ce sunan aikatau, wasu siffar aikatau, kuma kowanne yana da rabin hujja. A (11) ba suna ba siffa da ke iya shiga gurbin “cooking”. Jimla ta (12) ta fito ne daga tsohuwar sigar “a-fishing”, wadda asalinta “on fishing”, ke nan sunan aikatau ne a tarihi; amma da harafin ya faɗi, babu abin da ya rage a jimlar da zai nuna hakan. Ɗalibin da aka yi wa tambaya a kan irin waɗannan jimloli, ana gwada saninsa ne na littafin da mai tambaya ya karanta.

Sai kuma waɗannan:

(13) After leaving the market, he went home.
(14) While leaving the market, he fell.
(15) Leaving the market, he fell.

Bisa al’ada “leaving” sunan aikatau ce a (13), domin “after” harafi ne mai shiga gaban suna. Siffar aikatau ce a (14) da (15). Amma ginin cikin gangar ɗaya ne a duka ukun, aikinta ɗaya ne, wato bayyana lokaci, kuma mai barin kasuwar shi ne aikau na babbar ganga. Lakabin ya sauya ne saboda kalmar da ke gaba kawai.

5.0 Gardamar Fowler da Jespersen

Babu inda raunin ya fi fitowa kamar a nan:

(16) I dislike his coming late.
(17) I dislike him coming late.

A (16) “his” ta mallaka ce, don haka aka ce “coming” suna ce. A (17) fa? In siffar aikatau ce mai bayyana “him”, to ma’anar ta zama ana ƙin mutumin, alhali zuwansa a makare ake ƙi. In kuma sunan aikatau ce, me ya hana mallaka? Henry Sweet, a nahawunsa na ƙarshen ƙarni na 19, ya ga abin ya tsaya a tsakiya, ya kira shi rabin sunan aikatau. H. W. Fowler da ƙanensa, a littafinsu na 1906, suka kira shi narkakkiyar siffa, wato wadda ta narke da sunan da ke gabanta, suka ce kuskure ne. Fowler ya sake nanata hukuncin a ƙamusunsa na amfani da Ingilishi na 1926. Hujjarsa ita ce ba a iya yi wa jimlar li’irabi.

Otto Jespersen, masanin nan ɗan ƙasar Denmak, ya mayar masa da martani a 1926. Ya tara misalai daga manyan marubutan Ingilishi don ya nuna ginin ya daɗe a harshen, ya kuma ce abin da ya gagari li’irabin Latin ba lalle ne ya zama kuskure a Ingilishi ba. Hujja tana tare da Jespersen, domin akwai wuraren da mallaka ba ta yiwuwa ko kaɗan:

(18) He left without there being any quarrel.
(19) I object to anyone in this room smoking.

Ba a cewa “there’s being” da nufin mallaka, kuma “this room’s smoking” zai sa ɗakin ne ke shan taba. Abin da ya rage na hukuncin Fowler a yau batun salo ne: (16) ta fi dacewa da rubutun hukuma, (17) ta fi yawa a magana. Malamin da ya soke (17) a matsayin kuskuren nahawu yana hukunta yaro ne a kan abin da masu harshen ke faɗa kullum.

6.0 Ra’ayin Masu Rushe Rabon

Randolph Quirk da abokan aikinsa uku, a babban nahawunsu na 1985, sun ajiye kalmar “gerund”. Sun nuna cewa kalmomin “-ing” suna jere ne kamar matakala, daga suna tsantsa mai jam’i irin “buildings” har zuwa aikatau tsantsa a cikin “is building”, da matakai da yawa a tsakani. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a nahawun Kambirij na 2002, sun ƙara gaba. Hujjarsu ita ce, ba a raba sigogi biyu a tasarifin harshe sai in akwai aƙalla kalma ɗaya da ke nuna bambancin a fili. Kuma babu aikatau ko ɗaya a Ingilishi da ke da siga dabam don sunan aikatau da wata dabam don siffar aikatau. Saboda haka suka haɗa sunayen biyu suka mai da su suna ɗaya na siga ɗaya. Suka ware sunaye irin na (4) da siffofi irin na (7) a matsayin kalmomin da suka sauya aji.

Ta fuskar ginin kalma wannan hujja ba ta da makusa. Tana kuma kawar da tambayoyin banza irin na (10) zuwa (15). Sai dai akwai inda ta bar baya da ƙura. Dubi:

(20) His being ill worried us.
(21) He being ill, we postponed the journey.
(22) *His being ill, we postponed the journey.

Mallaka tana yiwuwa a (20), ba ta yiwuwa a (22). Wuraren da take yiwuwa kuwa su ne, galibi, wuraren da tsofaffin malamai ke kira sunan aikatau. Huddleston da Pullum sun san da wannan, kuma sun bayyana shi da cewa mallaka tana zuwa ne inda gangar ke cike gurbin da wata kalma ke bukata, ba inda take ƙarin bayani ba. Amma duk wanda ya duba zai ga tsohon rabon ne ya sake shigowa, an ɗauke shi daga kalma an ɗora wa ganga. Akwai kuma batun wanda ya yi aikin. A jimla kamar “Smoking is forbidden” ba a bukatar a san mai shan tabar, kowa ne. A (15) kuwa dole mai barin kasuwa ya zama aikau na babbar ganga, shi ya sa “Leaving the market, the rain started” ke sa mai karatu tuntuɓe, kamar ruwan sama ne ya bar kasuwa. Nazarce-nazarcen tarihin harshe na bayan 2002, irin na Hendrik De Smet a 2010, sun nuna cewa gidajen biyu sun gauraya a gefe-gefe, amma tsakiyar kowanne tana nan da halinta.

Hukuncin da ya dace ke nan shi ne: masu rushe rabon sun yi daidai game da kalma, tsofaffin malamai kuma sun hango gaskiya game da ganga, sai dai sun sa mata suna a wurin da bai dace ba.

7.0 Abin da Hausa ke Nunawa

Batun ya shafi malamin da ke koyar da Ingilishi ga mai jin Hausa ta hanya biyu. Ta farko, Hausa tana da irin rabon (4) da (5) a cikin gidanta. Bisa tsarin giredin aikatau na F. W. Parsons na 1960, aikatau na giredi na ɗaya kamar “dafa” yana ɗaukar “-wa” in babu karɓau, ya ajiye ta in akwai: “yana dafawa”, amma “yana dafa abinci”. A nan karɓau yana biye kai tsaye, kamar a (5). Aikatau na giredi na biyu kamar “saya” kuwa yana komawa suna, ya riƙe karɓau da “-n” ta dangantaka: “yana sayen doki”, kamar yadda “of” ke yi a (4). Duka biyun suna iya zama aikau: “dafa abinci yana da wuya”, “sayen doki yana da wuya”. Paul Newman, a nahawunsa na 2000, bai kira “dafa” a cikin “dafa abinci” sunan aikatau ba, ko da yake yankin yana tsayawa a gurbin suna. Wannan shi ne ainihin bambancin ajin kalma da aikin yanki, wanda littattafan Ingilishi na makaranta suka rikita.

Ta biyu, Hausa tana gina lokaci mai ci da sunan aikatau: “yana karatu”, “tana saƙa”, “suna sha”. Ɗalibin da aka gaya wa “gerund” sunan aikatau ne zai ga “reading” a cikin “he is reading” daidai take da “karatu” a cikin “yana karatu”, ya ba ta wannan suna, a soke shi. Tunaninsa kuwa ba shirme ba ne, domin wasu masana tarihin Ingilishi suna ganin tsohuwar sigar “he is a-reading”, mai harafi da sunan aikatau, tana cikin tushen lokaci mai ci na Ingilishin yau. Bugu da ƙari, Hausa ba ta da siga guda da ta yi daidai da siffar aikatau mai “-ing”. Siffofi irin “dafaffe” da “wankakke” sun yi daidai ne da “cooked” da “washed”. Abin da Ingilishi ke yi da “-ing” Hausa tana yinsa da “mai”, ko da ganga mai “da”, ko da “yana”: “yaro mai kuka”, “yaron da ke ɗauke da bokiti”, “na gan shi yana gudu”. Fassara zuwa Hausa gwaji ne mai amfani a misalai irin (1) zuwa (3), amma ba ta raba gardama a lokaci mai ci, domin a nan harsunan biyu sun bi hanya dabam-dabam.

8.0 Kammalawa

Abin da ya fi wa ɗalibi amfani shi ne a raba masa tambaya ɗaya zuwa biyu. Ta farko: wane aji kalmar take? In tana ɗaukar “the”, siffa, “of” ko jam’i, suna ce. In tana ɗaukar “very” ko tana bin “seem”, siffa ce. In tana riƙe karɓau, bayanau, “not” ko “having”, aikatau ce. Ta biyu, wadda ta shafi aikatau kaɗai: wane aiki gangar da yake ciki take yi? Aikau ce, ko karɓau, ko mai bin harafi, ko mai bayyana suna, ko mai ƙarin bayani ga jimla, ko kuwa tana cikin lokaci mai ci? Waɗannan tambayoyi suna da amsar da za a iya gwadawa, kuma daga gare su ne ake sanin ko “is” za a sa ko “are”, ko mallaka za ta yiwu, ko gangar ta rasa mai aikinta. Ana iya ci gaba da amfani da tsofaffin sunayen biyu a matsayin taƙaitaccen lakabi ga misalan da ba su da shakka. Amma masu tsara manhaja da masu rubuta tambayoyin jarrabawa ya kamata su daina sa jimloli irin (10), (11), (12) da (17) a cikin tambayar “wanne ne wanne”, tun da manyan masana nahawun Ingilishi, daga Sweet zuwa Huddleston da Pullum, ba su yi ittifaki a kan lakabinsu ba.